Daga Gona Zuwa Gida: Sharuɗɗan Kafa Mazauni a Karkarar Arewacin Kano

Gabatarwa

A hutun daminar da ta wuce wani baffana ya kira ni zaurensa, ya miƙo mini wata takarda da aka yago daga littafin 'yan makaranta, ta yi jawur don tsufa. Takardar cinikin wata 'yar gona ce da ya saya a bakin gari shekara goma sha huɗu da suka wuce. Yanzu babban ɗansa zai yi aure, cikin gida kuwa babu wurin ƙara ko da ɗaki ɗaya, saboda haka yake so ya yanki gefen gonar ya yi masa gini. Tambayarsa ita ce, "Kai da kake jami'a, wannan takarda ta isa, ko da sauran magana?" Na ce, "Baffa, ni Hausa nake karantawa, ba aikin lauya ba." Sai ya ce, "To, ai da Hausa aka rubuta ta."

Wannan amsa ita ta sa na shiga bincike, abin da na samu kuma shi ne na kawo a wannan maƙala. Manufarta ita ce ta bayyana abubuwan da ake bukata kafin fili ya zama gidan mutum a idon al'ada da shari'a da dokar gwamnati, musamman a karkarar da ke arewa da birnin Kano, watau ƙasashen Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa da Bichi, har zuwa Makoɗa da Ɗambatta.

Dalilin da ya sa maganar ta yi nauyi a nan

Tun a shekarar 1965 Michael Mortimore da J. Wilson, a wani bincike da Sashen Labarin Ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello ya buga, suka bayyana karkarar da ta kewaye Kano a matsayin wuri mai cunkoson jama'a inda ake noma gona kowace shekara ba hutu. Taki ne ya riƙe ta, na dabbobi da na jujin birni wanda jakuna suka riƙa ɗaukowa. Duk wanda ya bi hanyar Ɗambatta ko ta Bichi ya san haka: gona na manne da gona, an raba su da gamba ko lalle ko aguwa, kowace ɗorawa da kowace kuka da mai ita. Babu dajin da baƙo zai sare, babu saurar da ba ta da magada. Ma'anar wannan ita ce, duk sabon gidan da za a kafa, gonar wani zai ci. Don haka tambayar "filin wane ne?" takan riga tambayar "ina za a sa ƙofa?"

Dokoki uku a kan fili ɗaya

Kafin zuwan Turawa ƙasa tana hannun sarki a matsayin amana, hakimi da dagaci da mai unguwa kuma su ne idanunsa. Baƙon da ya zo da niyyar zama yakan je ya yi gaisuwa wurin dagaci, a nuna masa fegi, ya kafa danga, shi ke nan ya zama ɗan gari. Malaman jihadi sun yi rubutu a kan wannan batu; Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yana da littafi sukutum, Ta'alimur Radi, a kan hanyoyin da mutum yake keɓanta da ƙasar da ba ta da mai ita, kamar rayar da ita da gini ko shuka ko haƙa rijiya.

Da Turawa suka ci Kano a 1903 sai suka ɗora nasu tsarin a kai. Dokar 1910, wadda aka sabunta a 1916, ta sa ƙasar Arewa baki ɗaya a ƙarƙashin ikon Gwamna, a madadin 'yan ƙasa. Dokar Jihar Arewa ta 1962 ta bi wannan sawu, sai dai ta mayar da ikon hannun Minista. Sa'an nan a ranar 29 ga Maris, 1978, gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta ɗauki tsarin Arewa ta shimfiɗa shi a kan Nijeriya duka. Ita ce ke aiki har yau, kuma Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 315, ya ba ta kariya ta yadda gyara ta sai an bi hanyar gyaran Tsarin Mulkin kansa.

Babu ɗaya daga cikin ukun nan da ta kashe 'yar'uwarta. Bakano na karkara yakan gaji fili bisa shari'a, ya sayar da shi a gaban dagaci bisa al'ada, ranar da gwamnati ta zo da aikin hanya kuma a auna shi da dokar 1978.

A nan akwai wata matsala ta harshe da ta shafe mu, mu ɗaliban Hausa. Takardar da gwamnati ke bayarwa kowa yana kiran ta "shaidar mallaka". Amma sashe na 1 na dokar ya ce dukan ƙasar jiha tana hannun Gwamna, yana riƙe da ita amana domin jama'a. Abin da mutum yake samu haƙƙin zama ne da amfani, ba mallaka irin ta riga ko akuya ba. A ganina wannan fassara ta jawo ruɗani mai yawa, domin mutum yakan ɗauka da ya riƙe takarda ba mai iya tashinsa, alhali ba haka dokar ta ce ba. Haƙƙin zaman nan iri biyu ne: wanda Gwamna ke bayarwa, da kuma na gargajiya wanda Ƙaramar Hukuma ke bayarwa a wuraren da ba a ayyana su birni ba.

Asalin fili

Sharaɗi na farko, wanda ya fi kowanne nauyi, shi ne a san ta yaya filin ya zo hannun mai son gini. Hausawa suna da kalmomi da dama a nan: gado, saye, kyauta, aro, haya, jingina, riƙo. Uku na farko ne kawai suke ba mutum damar kafa tubali da kwanciyar hankali. Sauran huɗun kuwa zanen aro ne, ba ya rufe katara. Wanda aka jinginar wa gona yana iya nomanta shekara ashirin, amma ranar da mai ita ko magadansa suka kawo kuɗin fansa dole ya saki, ko da ya yi soro a ciki.

Gado shi ya fi kawo rigima. Sau da yawa mahaifi yakan rasu a bar gonakin gandu ba a raba ba, babban wa ya ci gaba da riƙo, kowa ya yi shiru don kunya. Shekaru su ja, wani daga cikin 'ya'yan ya yanki gefe ya yi gini, yana cewa ai nan ne gayaunarsa tun mahaifinsu na da rai. Gayauna kuwa ba rabo ba ce. Kafin a yi rabo, kowane magaji yana da haƙƙi a kowane taki na gonar, har da mata da ke gidajen aurensu a wasu garuruwa, da matar mamaci mai tumunin takaba, da marayun da ba su balaga ba. Abin da ya fi dacewa shi ne a raba gadon a gaban alƙali, a karɓi takardar kotu da ta nuna kason kowa da iyakokinsa. Sashe na 24 na dokar 1978 ya amince da wannan, domin ya bar gadon haƙƙin zama na gargajiya a hannun dokar da mutanen wurin suke bi, wadda a nan ita ce shari'a bisa mazhabar Malikiyya.

Mai saye daga hannun magaji kuma ya kula da shufa'a. Idan ɗaya daga cikin masu tarayya ya sayar da kasonsa ga bare tun ba a yi rabo ba, abokan tarayyarsa suna da ikon biyan kuɗin su karɓe. A Malikiyya wannan haƙƙi na abokin tarayya ne, ba na maƙwabci kawai ba, kuma yakan faɗi idan mai shi ya san da cinikin ya yi shiru har kimanin shekara guda. Kyauta ita ma tana da nata tarkon: ba ta tabbata sai wanda aka ba ya karɓi abin a hannunsa tun mai bayarwa yana da rai da lafiya. Uban da ya ce "na ba wane fegin nan" a zaure, amma ya ci gaba da shuka gero a ciki har ya rasu, bai ba da kome ba. Filin ya koma gado.

Akwai kuma hauzi, wanda alƙalanmu suke aiki da shi ƙwarai. Idan bare ya riƙe fili shekara goma yana gini da rushewa, mai da'awa yana gari, yana gani, ba abin da ya hana shi magana amma bai yi ba, to ba za a saurari ƙararsa ba bayan haka. Tsakanin 'yan'uwa kuwa wa'adin ya fi haka nisa, yakan kai shekara arba'in, saboda an san ɗan'uwa yakan kau da kai don zumunci. Amma hauzi ba ya amfanar wanda aka tabbatar aro aka ba shi ko jingina, kome daɗewarsa.

Takardar ciniki

Ciniki a ƙauye yakan ƙullu a gaban mai unguwa da shaidu, a kai wa dagaci ya sa hannu da hatimi, wani lokaci har hakimi. Takarda mai kyau ita ce wadda ta ambaci mai sayarwa da mai saye, yadda mai sayarwa ya sami filin, kuɗin da aka biya, ranar ciniki, girman filin, da maƙwabta na gabas da yamma da kudu da arewa. Ta baffana ta ce kawai "gonar da ke wajen tsamiya". Tsamiyar kuwa iska ta kayar da ita shekara shida da suka wuce, kuma biyu daga cikin shaidu ukun sun riga mu gidan gaskiya.

Ya kamata a fahimci matsayin wannan takarda. Hujja ce mai ƙarfi a gaban alƙali cewa an yi ciniki an biya kuɗi. Amma dokar 1978 ba ta ba dagaci ko hakimi ikon ba da ƙasa ba ko kaɗan. Sunansu ma bai zo a cikin masu wannan iko ba. Sashe na 21 ya ce ba a sayar da haƙƙin zama na gargajiya, ko a jinginar da shi, sai da amincewar Ƙaramar Hukuma, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ɓatacce ne. Har ila yau akwai sashe na 36, wanda ya amince wa duk wanda yake riƙe da gona ko gida a karkara kafin 1978 ya ci gaba da riƙonsa kamar Ƙaramar Hukuma ce ta ba shi, amma a ƙarshensa ya hana yanka irin wannan ƙasa fuloti-fuloti ko sayar da ita, har ya yanka tarar naira 5,000 ko ɗaurin shekara ɗaya. Kowa ya san ana cinikin gona kowace ranar kasuwa ba tare da an waiwayi wannan sashe ba. Ni dai ina ganin dokar da kusan kowa yake karyawa ita ce ke bukatar gyara. Amma kafin a gyara ta, tana nan a rubuce, kuma lauyan abokin gaba ya san inda take.

Ƙaramar Hukuma ko Gwamna?

Wannan ya danganta da inda filin yake. Sashe na 3 ya ba Gwamna ikon ayyana kowane yanki a matsayin birni. Da zarar an yi haka, ikon Ƙaramar Hukuma a kan ƙasar wurin ya ƙare, ko da kuwa har yanzu dawa ce a tsaye a ciki. Wannan ya shafi mutanen Ungogo, wadda ake lissafa ta cikin ƙananan hukumomi takwas na birnin Kano da kewaye, da na wajen Dawanau inda gari ya cinye gonaki. Saboda haka kafin a kashe ko sisi, a fara tambaya a sashen ƙasa na Ƙaramar Hukuma ko a Ma'aikatar Ƙasa ta jiha a ji ɓangaren da filin ya faɗa.

Idan karkara ce, sashe na 6 ya ba Ƙaramar Hukuma ikon ba da haƙƙin zama domin noma ko gidan zama ko wata bukata. Iyakar da aka sa mata ita ce hekta 500 ta noma da hekta 5,000 ta kiwo, abin da zai ba manomin Minjibir dariya, shi da gonarsa ba ta fi a zagaye ta kafin shayi ya huce ba. Mai nema yakan rubuta takarda, ya haɗa da shaidar ciniki ko ta rabon gado da zanen filin, jami'in ƙasa ya je ya gani ya auna, a biya kuɗin da aka yanka a karɓi rasit, sa'an nan a shigar da sunansa a rajista. Wanda gidansa ya girmi dokar ma yana da wannan dama: sashe na 36 ya ce ya kawo zane ko taswirar wurin a yi masa rajista.

Idan kuwa birni ne, ko mutum yana son takardar da banki zai karɓa, sai ya nemi satifiket ɗin Gwamna ta hannun Ma'aikatar Ƙasa da hukumar KANGIS mai adana bayanan filaye a kwamfuta. Nan sai safiyo ya auna ya kafa duwatsun iyaka, a biya kuɗin ƙasa na shekara-shekara, wa'adin gidan zama kuma yawanci shekara 99 ne. Sashe na 7 ya hana a ba wanda bai kai shekara 21 ba, sai ta hannun waliyyinsa ko ta hanyar gado. Wanda ya riƙe irin wannan haƙƙi ba ya sayarwa ko jinginarwa sai da yardar Gwamna, kuma a shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989 Kotun Ƙoli ta ce wannan sharaɗi ya hau har kan waɗanda suka mallaki filayensu tun kafin dokar. Sai dai kada a ɗauka satifiket yana wanke haram. A shari'ar Ogunleye da Oni a 1990 kotun ta nuna cewa wanda ba shi da haƙƙi tun asali, takardar ba ta ƙirƙira masa shi. Watau an koma kan maganar asalin fili.

Ginin kansa

A wuraren da aka ayyana birni ba a fara gini sai da izinin hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, wadda ke duba zanen gida da tazararsa daga titi. Sauya gona ta koma wurin zama shi ma yana bukatar izini. A nan ne matsalar awon igiya take: mai gona ya kira dillalai, a ja igiya a yanka hamsin-hamsin, a bar lungun da ko amalanke ba ta wucewa, ba magudanar ruwa, ba filin makaranta. Yana da araha, shi ya sa talaka yake runtumawa can, amma shi ne gini na farko da ake shafa wa jan fenti.

A ƙauye sosai ba kasafai ake neman zanen gida ba, amma akwai ƙa'idojin da mai unguwa da duba-gari da alƙali suke tsarewa. Ba a gini a kan burtali, ko maƙabarta, ko filin idi, ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki, ko bakin titin gwamnati. Ba a toshe hanyar da jama'a suka saba bi. Fiƙihu ya hana cutar da maƙwabci: kada indararo ya zuba a gidansa, kada taga ta leƙa tsakar gidansa, kada a haƙa masai kusa da rijiyarsa. Jami'an lafiya sukan ba da shawarar a bar kimanin mita 30 tsakanin masai da rijiya, abin da yake da wuya a fegi mai ƙafa hamsin, sai an yi shawara da maƙwabta tun kafin a sa diga. Itatuwa ma a yi maganarsu a fili, domin a ƙasar Kano ana iya sayar da gona a bar ɗorawar da ke ciki a hannun mai ita na farko.

Ranar da gwamnati ta zo

Amfanin duk wannan wahala yakan bayyana ranar da aka zo da aikin jama'a. Mutanen wannan yanki sun ga haka a shekarun 1970 lokacin gina madatsun ruwa irin su Tomas da Jakara, sun kuma sake gani da aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021, wanda ya bi ta ƙasar Ɗambatta. Sashe na 28 ya ba Gwamna ikon soke haƙƙin zama saboda bukatar jama'a, bisa sharaɗin a ba mai shi sanarwa. Diyyar da sashe na 29 ya tanada ta abin da aka ɗora a kan ƙasa ce, watau gini da amfanin gona da makamantansu, ba ta ƙasar kanta ba. Sashe na 33 kuma ya ba da damar a sake wa mai gidan zama matsuguni a maimakon kuɗi. Wanda sunansa yake a rajista shi ake kira. Wanda yake zaune a gadon da ba a raba ba kuwa, sai a ga 'yan'uwan da aka shekara talatin ba a gani ba sun iso a motar farko.

In rigima ta tashi, ƙarar haƙƙin zama na gargajiya takan fara a kotun shari'ar Musulunci ta yankin, ta haƙƙin da Gwamna ya bayar kuwa sai Babbar Kotun Jiha. Wajen ɗaukaka ƙara a lura: Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a tana sauraron abin da ya shafi gado da kyauta da wasiyya da waƙafi ne, amma jayayya a kan wane ne mai fili zalla Babbar Kotu take tafiya. Mutane da yawa sun yi asarar shekaru saboda sun shiga ƙofar da ba tasu ba.

Da na koma wa baffa da wannan bayani, abin da muka fara yi shi ne neman shaidan da ya rage da 'ya'yan wanda ya sayar masa, mata da maza. Dagaci ya tara maƙwabtan gonar huɗu, aka bi iyaka taki-taki, aka kafa duwatsu a inda tsamiya take da, aka rubuta sabuwar takarda kowa ya dangwala. Wata daga cikin 'ya'yan ta ce ita ba ta taɓa jin an sayar da gonar ba, aka ɗauko tsohuwar takarda aka nuna mata ranar cinikin, wadda ta riga rasuwar mahaifinsu da shekara uku, ta haƙura. Takardun suna sakatariyar Ƙaramar Hukuma yanzu ana jiran jami'in awo. An sa bikin bayan kaka, tubali kuma yana nan a jibge a gefen gonar an rufe shi da kara.